An Gafarta wa Dauda, Ba a Manta da Uriya Ba

 

Yau za mu taɓa abubuwa biyu da mutane ke gani kamar ba sa shan inuwa ɗaya, wato hukuncin Allah a kan zunubi da zurfin alherinsa. Wasunmu sun tashi a gidajen da ba a jin komai sai zancen wuta da fushin Allah, har yaro ya girma yana jin tsoron rufe ido ya yi addu'a. Wasu kuwa sun koma inda kullum wa'azin albarka ne da buɗi, kalmar zunubi ta zama baƙuwa a kan mumbari. Ina so mu bi labarin mutum ɗaya wanda abubuwan nan biyu suka sauka a kansa rana ɗaya, daga bakin annabi ɗaya.

Labarin yana cikin littafin Sama'ila na Biyu, sura 11 da 12. Lokacin bazara ne, sa'ad da sarakuna kan fita yaƙi. Rundunar Isra'ila, da sarkin yaƙi Yowab a gaba, ta yi wa birnin Rabba na Ammonawa ƙawanya, wurin da birnin Amman na ƙasar Jodan yake a yau. Sarki Dauda kuwa ya yi zamansa a Urushalima. Wata rana da yamma ya tashi daga kwanciya yana zagayawa a kan soron fada, sai ya hango wata mace tana wanka. Ya aika a bincika ko wace ce. Amsar da aka kawo masa ta isa ta taka masa birki: sunanta Batsheba, 'yar Eliyam, matar Uriya Bahitte. Tana da uba, tana da miji. Mijin kuma ba baƙo ba ne a fada, domin in kun duba sura 23, inda aka jera jarumawan Dauda su 37, sunan Uriya ne ya rufe jerin. Duk da haka sarki ya aika aka ɗauko ta. Ku lura, Littafi bai ɗora wa matar nan laifi ba. In sarki ya aiko a zo da ke, da wane baki za ki ce ba ki zuwa?

Ba a daɗe ba ta aiko da saƙo cewa tana da ciki. Daga nan Dauda ya shiga neman abin da zai rufe ɓarna. Ya sa aka kirawo Uriya daga bakin daga, wai yana son jin labarin yaƙi, sannan ya ce masa ya je gida ya huta, har ya bi shi da kyauta. Dabarar a fili take: in mutumin ya kwana da matarsa, cikin ya sami uba. Amma Uriya ya kwanta a ƙofar fada tare da bayin sarki. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa akwatin alkawari yana cikin bukka, Yowab da 'yan'uwansa sojoji suna kwana a fili, don haka kunya ba za ta bar shi ya je ya miƙe ƙafa a ɗakinsa ba. Dauda ya sāke dabara, ya gayyace shi cin abinci, ya ɗura masa giya har ya bugu. Ko a buge, Uriya bai je gida ba. Bahitte, wanda asalinsa ba Ba'isra'ile ba ne, ya fi sarkin Isra'ila riƙon amana, shi yana cikin maye, sarki yana cikin hayyacinsa.

Da safe Dauda ya rubuta wa Yowab wasiƙa, ya ce a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, sannan a janye a bar shi. Wa ya kai wasiƙar? Uriya da kansa. Sarki ya san mutumin nan ba zai buɗe ta a hanya ba, wato amanarsa ce aka wasa ta zama wuƙar yanka shi. Ba shi kaɗai ya mutu ba, wasu sojojin ma sun faɗi tare da shi, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da labari ya iso fada, sarki ya aika wa Yowab kada ya damu, yaƙi ya gāji haka. Batsheba ta gama makoki, aka kawo ta gidan sarki, ta haifi ɗa namiji. Mai kallo daga waje ma zai iya cewa sarki ya kyauta, ya rungumi matar jaruminsa da ya rasu.

Duk wanda ya karanta surar nan a tsanake zai ga kalma ɗaya tana ta dawowa, kalmar aike. Dauda ya aiki Yowab, ya aika a bincika, ya aika a ɗauko, ya aika da wasiƙa. Mai iko ke nan, yana zaune yana juya rayukan mutane da ɗan aike. Sunan Ubangiji bai fito ba ko sau ɗaya sai a ayar ƙarshe, inda aka ce abin da Dauda ya yi mugu ne a gabansa. Sura ta 12 kuma ta buɗe da wani aiken dabam. Wannan karon Ubangiji ne ya aika, ya aiko annabi Natan.

An ɗauki watanni kafin Natan ya zo, tunda har an haifi yaron. Watannin nan na shiru su ne ke ruɗin mai zunubi. Ya ga rana ta fito ta faɗi, kasuwa ta ci ta watse, ba abin da ya same shi, sai ya ɗauka sama ma ta manta. Hausawa kuwa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Natan bai shigo da zagi ba. Ya kawo wa sarki ƙara, kamar yadda aka saba kawo masa. Mutum biyu ne a gari ɗaya, ɗaya attajiri mai garken tumaki da na shanu, ɗaya talaka wanda duk dukiyarsa 'yar tunkiya ce guda da ya saya ya rena. Tare da 'ya'yansa ta girma, a akushinsa take ci, a jikinsa take kwana. Ran nan attajiri ya yi baƙo. Maimakon ya shiga garkensa, sai ya sa aka kamo tunkiyar talakan nan aka yanka wa baƙo.

Ran Dauda ya ɓaci ƙwarai. Tsohon makiyayi ne, ya san yadda mutum ke shaƙuwa da dabbar da ya rena. Nan take ya yanke hukunci cewa mai wannan aiki ya cancanci mutuwa, kuma sai ya biya tunkiya huɗu, kamar yadda shari'ar Musa ta tanada a littafin Fitowa sura 22. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya kashe mijin mace ya ɗauke ta, shi ne yake tafasa saboda tunkiya. Sai Natan ya dube shi ya sanar da shi cewa attajirin nan da ya gama yanke wa hukunci, shi ne.

'Yan'uwa, a nan za mu ga yadda shari'ar Allah take. Ta kira abu da sunansa. Dauda bai zare takobi ba, yana Urushalima aka kashe Uriya a Rabba, amma Natan ya ce masa shi ne ya kashe, takobin Ammonawa aro kawai ya yi. A wurin Allah babu zancen "ba da hannuna ba". Wanda ya sa hannu a takarda, da wanda ya ba da umarni a waya, da wanda ya kau da kai don a gama aikin, duk an rubuta su. Ta kuma ɗauki zaluncin da aka yi wa Uriya a matsayin raini ga Allah kansa. Ubangiji ya tuna wa Dauda cewa shi ya naɗa shi, shi ya cece shi daga hannun Saul, shi ya ba shi sarauta, da abin bai ishe shi ba ma da ya ƙara masa. Ka taɓa talaka marar gata, ka taɓa Mahaliccinsa.

Yanzu ku dubi inda Dauda ya tsaya. Littafin Firistoci sura 20 ya ce hukuncin zina da matar wani kisa ne. Littafin Ƙidaya sura 35 ya hana karɓar diyya a madadin ran mai kisan ganganci. Babu rago, babu bijimi, babu hadayar da aka tanada domin irin wannan laifi. Ƙofofi duka a rufe suke. Yana da ikon sa a fille kan annabin, sarakuna da yawa sun yi haka. Yana iya kawo uzuri, kamar yadda Saul ya yi a gaban Sama'ila ya tura laifi kan jama'a. Dauda bai yi ko ɗaya ba. Ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, kuma a harshen Ibrananci kalma biyu ce tak ya furta. Kafin ya rufe baki, Natan ya shaida masa cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba.



To, bari in yi tambayar da na san tana ran wani. Wannan adalci ne? Ka sa kanka a matsayin mahaifiyar Uriya, ko matar ɗaya daga cikin sojojin da suka mutu tare da shi. An kashe naka, wanda ya kashe ya furta kalma biyu, an ce an yafe masa. Da alƙalin garinku ne ya yi haka, kowa zai ce an kai masa wani abu da dare. Wanda wannan tambaya ba ta taɓa damunsa ba bai san nauyin kalmar alheri ba tukuna.

Amsa ta farko ita ce, gafara ba ta tsige abin da aka shuka ba. Natan ya gaya wa Dauda cewa takobi ba zai rabu da gidansa ba, abin da ya yi a ɓoye kuma za a yi masa a bainar jama'a. Jaririn ya yi ciwo, Dauda ya yi azumi yana kwance a ƙasa, a rana ta bakwai yaron ya rasu. Wannan wuri ne mai ɗaci, ba zan shafa masa zuma ba. Zunubin babba yakan fāɗa kan ƙanana da ba su ci ba, ba su sha ba, kuma muna ganin haka a gidajenmu har gobe. Bayan haka Amnon, ɗan farin Dauda, ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe. Dauda ya husata amma bai hukunta shi ba. Da wane ido zai dubi yaron? Absalom, ɗan'uwan Tamar, ya haɗiye abin shekara biyu, sannan ya sa aka kashe Amnon a wurin biki bayan ya sha ruwan inabi ya yi nauyi. Daga baya Absalom ya yi wa ubansa tawaye, ya kore shi daga Urushalima, ya shiga wurin ƙwaraƙwaransa a cikin alfarwar da aka kafa a kan soron fada, inda kowa ke gani. A kan soro aka fara, a kan soro aka rama. Absalom ya mutu a hannun Yowab, ƙanensa Adoniya kuma aka kashe shi a farkon mulkin Sulemanu. Masu nazarin Littafi sun daɗe suna lura cewa mutumin da ya ce a biya huɗu, 'ya'yansa maza huɗu ne suka tafi.

Amma ko wannan duka bai biya jinin Uriya ba. Baƙin cikin Dauda bai ta da mamaci ba, hawayensa kuma ba kuɗin fansa ba ne. Tambayar ta zauna ba amsa wajen shekara dubu, sai da manzo Bulus ya ɗauko ta a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 3. Bulus ya bayyana cewa Allah cikin haƙurinsa ya jingine hukuncin zunuban da aka yi a dā, kuma a kan gicciye ne ya nuna cewa jinginewar nan ba sakaci ba ce. Ku tuna da mai kanti a unguwa da littafinsa na bashi. In ya ja layi a kan sunanka ya ce ka bar shi, shinkafar da ka ci ba ta dawo cikin buhu ba. Asarar tana nan, ta koma kansa ne. Haka gafara take a ko'ina, dole wani ya ɗauki asarar. Bangaskiyarmu ta Kirista ita ce, Allah ya ɗauki tamu a jikin Yesu Almasihu. Hukuncin da Dauda ya yanke da bakinsa, cewa mai wannan aiki ya cancanci mutuwa, ba a soke shi ba. An zartar da shi a bayan birnin nan na Urushalima, a kan wanda ake kira Ɗan Dauda, wanda bai ɗauki tunkiyar kowa ba. In kana son sanin zurfin rijiya, dubi tsawon igiyar da aka zura. In kana son sanin zurfin alheri, dubi abin da ya ci kafin ya iso gare ka.

Akwai kuma abin da ya fi taɓa ni a labarin nan. Allah ya gafarta wa Dauda, amma bai yarda a share sunan Uriya ba. A littafin Sarakuna na Farko sura 15, ana cikin yabon Dauda saboda biyayyarsa, sai aka keɓe al'amarin Uriya Bahitte. Ka buɗe Sabon Alkawari, shafin farko, Matiyu sura 1, inda aka jera kakannin Yesu. Da aka zo kan mahaifiyar Sulemanu, wato Batsheba, Matiyu bai kira ta da sunanta ba, ya ambace ta da sunan mijinta na fari. Sojan da aka so a binne shi tare da asirin sarki, ga sunansa a cikin asalin Mai Ceto, ana karanta shi duk Kirsimeti. Zabura 51 kuma, addu'ar tuban Dauda, kan maganarta ya ambaci Natan da Batsheba, aka miƙa ta ga shugaban mawaƙa. Sarki ya bar abin kunyarsa ya shiga littafin waƙoƙin jama'a, har yau Katolika da Angilikan suna karanta ta ranar Larabar Toka. Daga wannan aure da ya fara da zalunci ne aka haifi Sulemanu, wanda Ubangiji ya aiko Natan ɗin nan ya sa masa suna Yedidiya, wato ƙaunataccen Ubangiji. Littafin Tarihi na Farko sura 3 ya nuna cewa a cikin 'ya'yan da matar nan ta haifa wa Dauda akwai mai suna Natan. Sunan mutumin da ya tsaya ya tona masa asiri ana kiransa safe da yamma a tsakar gidansa.

Kada mu ɗauka irin wannan sai zamanin annabawa. John Newton, Baturen Ingila da aka haifa a 1725, ya yi fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Saliyo. A 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya yi kuka ga Allah, ya tsira. Amma bai bar sana'ar ba. Ya zama ma shugaban jirgin bayi, yana karanta Littafi a sama, 'yan Afirka suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashinsa, har 1754 da rashin lafiya ta sauke shi. Ya zama limamin coci a 1764, ya rubuta waƙar Amazing Grace da aka buga a 1779. Sai a 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, ya fito fili ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi, ya amsa kunyarsa, ya mara wa William Wilberforce baya a yaƙi da cinikin. Majalisar Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, a ƙarshen shekarar Newton ya rasu. Mu da aka kwashi 'yan'uwanmu muna da ikon cewa ya makara, kuma ya makara ɗin. Amma alherin da ya kama shi bai ƙyale shi ya tsaya a waƙa ba, sai da ya kai shi ga faɗin gaskiya a kan waɗanda ya zalunta.

Yanzu mu dawo gida. A yawancin ikkilisiyoyinmu akwai horo. Wanda ya fāɗi cikin zunubi a kan sa shi a kujerar baya, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har ya nuna tuba. Horo abu ne mai kyau in an yi shi da ƙauna. Amma dattawan ikkilisiya, iyayena, ku gafarce ni in yi tambaya. Sau nawa yarinyar da ciki ya tona ce kaɗai ke zama a baya, wanda ya yi mata cikin kuwa yana gaba, saboda baikonsa ne ya rufe jinkar majami'a? Allah bai aiki Natan wurin Batsheba ba, fada ya aike shi. Ikkilisiyar da ke da Natan domin talaka amma ba ta da shi domin mai kuɗi, ta karanta labarin nan a juye.

Kai kuma ɗan'uwana da ke saurare, wataƙila naka ya rufu ruf. Gonar marayun ƙaninka ta shiga cikin taka, takardu sun cika. Kuɗin leburan da ka riƙe, ya gaji da zirga-zirga ya haƙura. Mudunka na awo an bubbuga gindinsa. Kana waƙa a majami'a ranar Lahadi, kana cewa ai muna ƙarƙashin alheri. Alherin da Dauda ya samu ya zo ne bayan ya daina ɓoyewa. Tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a Luka sura 19. Ranar da Yesu ya shiga gidansa, ba wanda ya tilasta shi, ya miƙe ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Dauda bai sami damar mayar wa Uriya komai ba, kabari ya riga shi. Naka Uriyan mai yiwuwa yana da rai, ka san ƙofar gidansa.

Ke kuma 'yar'uwata, ko kai ɗan'uwa, da ke ganin naka ya wuce gafara, shekara da shekaru kana ɗauke da abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba, har ka daina zuwa sujada don kana jin ba ka isa ba: mutumin da muka yi magana a kansa ya haɗa zina da yaudara da kisa, shari'a ba ta bar masa ko taga ba, amma aka ce masa ba zai mutu ba. Ba a nemi ka biya ba, domin ba ka da abin biya. An nemi ka faɗi gaskiya a gaban wanda ya riga ya sani. Wataƙila tabon zai zauna, kamar yadda ya zauna a gidan Dauda, amma mai tabo daban yake da wanda aka yashe.

Kai kuwa da aka zalunta, wanda ba ka da mai tsaya maka, wanda aka ce ka yi shiru don mai laifin babban mutum ne, ka riƙe wannan: Allahn da ya ajiye sunan Bahitte guda na shekara dubu har ya sa shi a shafin farko na Bishara, bai ɓatar da naka ba.

Kafin ka kwanta yau, buɗe Zabura 51 ka karanta a hankali, da bakinka, kamar kai ka rubuta ta. In akwai wanda ya kamata ka nema gobe da safe, ka san shi, ba sai na faɗa ba.

A nan za mu dasa aya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Sai Allah ya kai mu wani makon, a kwana lafiya.